Gahawar Alƙalin Wasa

Ka taɓa ganin mai furfura yana shirin tsere da samari? Ga shi a bakin filin ƙwallo, siriri, da usur a wuya, takalminsa ya sha ɗinki. Mai shayi na ɗaga buta, dattijon ya tare shi.

"Dakata, maigida, ruwan ya huce kaɗan. Tafasasshe ƙona gahawa yake."

Cokali biyu, ba sukari, ba madara. Yana kurɓa a tsanake, yana murza gwiwar hagu. Da gani alƙalin wasa ne. Ƙila gwajin gudu ke gabansa, in ya faɗi a karɓe usur ɗin.

"Baba, yau ma bin mu za ka yi?" in ji wani ɗan wasa. "Kar mu kwaso ka a baro!"

"Ku dai tanadi baron, ɗana. Waninku zai hau."

Sai da gahawar ta ratsa jiki sannan ya ƙulle igiyar takalmi. Ga su a zagaye na shida, samarin na haki, shi ko waiwaye ba ya yi.

Gobe ka sha taka baƙa, ka zo ka gwada bin sa zagaye ɗaya tak.