Daga Bakin Wa Ka Ji?

Shekarar da ruwa ya ci albasarmu a fadamar Wurno, ni ma ina cikin waɗanda suka ɗora wa mai ƙofa laifi. Mai ƙofa wani dattijo ne da aka ɗauka aikin buɗe ruwan da ke gangarowa daga dam ɗin Goronyo zuwa gonakinmu, da rufe shi. Gari ya ɗauka cewa ranar Alhamis ya bar ƙofa buɗe ya tafi suna Giyawa. Ina da littafin da nake rubuta al'amuran gari da ajami, kamar yadda na tarar mahaifina yana yi, kuma haka na rubuta. Ofishin ruwa ya ba dattijon mako guda ya miƙa makulli.

Cikin makon nan wani ɗan jarida ya zo daga gidan rediyo, Kirista ne mutumin wata jiha, da rakoda rataye a kafaɗa. Aka nuna masa zaurena. Na karanta masa abin da na rubuta, ya saurara har na kai aya.

Ya ce, "Malam, da idonka ka gani?"

Na ce, "Ai kowa ya sani."

"To ina gidan Kowa, in je in gaishe shi?"

Na yi dariya, na ce gaskiya daga bakin wanzamina na ji. Ya roƙe ni in hau bayan babur ɗinsa in raka shi, don ba a sakin baki da baƙo.

Wanzami yana tsakiyar aski ya ce, "Ni mi na gani? Direban albasa na Rabah ya hwaɗa min."

Muka kama hanyar Rabah. Direba ya tura mu garin Maikujera wurin wani mai sayar da taki. Duk inda muka tsaya, ɗan jaridar ba ya gardama da kowa. Tambayoyinsa ba su wuce uku ba: me ka gani, wace rana, wa ke wurin. Mai taki ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai na gan shi bisa babur da babbar riga, na ce halama suna za shi. Ranar kam ban riƙe ba."

A nan maganar da ta cika gari ta ƙare, a kan halama, wato zato kawai.

Na ɗauka mun gama, amma washegari muka tafi Giyawa. Ɗan jaridar ya nemi limamin da ya raɗa sunan, ya nemi maijego ta bakin mijinta. Dukansu suka ce Talata aka yi suna. Daga nan ya naɗe ƙafar wando, muka bi gaɓar magudanar ruwa da ƙafa har la'asar, ni da tsufana ina haki. Can nesa da ƙofa muka tarar da inda gaɓa ta zube, ramukan gafiya sun cinye ƙarƙashinta. Wani Bafulatani mai kiwo ya ce a gabansa ta faɗi ranar Alhamis, kuma shi ya ruga ya kira mai ƙofa, ya same shi zaune bakin ƙofar ruwan, tana kulle.

Na tsaya ina kallon mutumin nan yana miƙa wa makiyayi rakoda, laka har gwiwa. Tun ina ƙarami nake karanta yadda magabata ke tafiyar wata guda don su ji hadisi ɗaya daga bakin wanda ya ji shi. Na karantar da hakan shekaru da yawa a zaure. Ban taɓa ganin ana yi ba sai a hannun wanda ko baƙi ɗaya na ajami bai sani ba. Allah mai ba da hikima ga wanda ya so.

Labarin ya fita a rediyo da muryar makiyayi da ta liman. Ba a karɓi makullin ba.

Na soke layin nan a littafina, na rubuta na gaskiya a gefe, sannan na tafi bakin ƙofa neman gafara. Dattijon ya ce, "Malam, kai ma ka rubuta ni? To wanga karo rubuta gafiya."