Hayaƙin Kulu a Saman Ikko

Kakata Kulu, mutuniyar Wagini, ba ta taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo ba sai a 1975, shekarar da aka haife ni. Ungozoma ce tun kafin Turawa su tattara nasu ya nasu. Rabin unguwarmu ita ta yanke wa cibi, shi ya sa ko mai gari ya ɗaga mata murya sai ta ce, "Kai, ni na fara ganinka, kuma ba ka da wando." Gajeruwa ce, ga faɗa, ga kyauta. Ni jikanta ne, mijinta na wasa, saboda haka ina da izinin tona ta.

'Ya'yanta mata biyu ne. Babbar, Hansatu, ta haihu a shekarar fari, lokacin da rijiyoyin Wagini suka ƙafe. Wankan jego kuwa ruwa yake ci: safe da yamma a tafasa babbar tukunya, a tsoma ganye ana fyaɗa wa mai haihuwa har a yi arba'in. Ruwan bai samu ba, aka riƙa yi ana tsallakewa. Hansatu ta kumbura, ta rasu ba ta fita jego ba. Likitocin yanzu ma cewa suke yi zafin wankan nan ya yi yawa, amma je ka gaya wa Kulu. Ita a wurinta rashin wanka ne ya kashe mata ɗiya, kuma da wannan ta tashi, da shi ta kwana.

Autarta Bara'atu ita ce uwata. Babana Rabe, ɗan Safana, malamin makaranta ne da ya ƙaro karatu, kuɗin mai suka buɗe, wani kamfanin mai ya ɗauke shi akanta a Ikko. Da wani Bature ya koma ƙasarsu sai aka ba shi gidansa, a ƙololuwar wani dogon bene, hawa na goma sha biyu. Gidan ya cinye saman benen duka. Ga kafet mai nutsar da ƙafa, ga tagogin gilashi daga ƙasa har sama. Sai kuma wani fili a kan rufin, nasu su kaɗai, an shimfiɗe shi da tayil, da kujerun kishingiɗa da furanni a manyan tukwanen siminti. Daga nan kana hango teku, da jiragen ruwa cike da siminti sun yi layi sun rasa wurin sauke kaya.

A al'ada haihuwar fari gida ake zuwa. Babana ya ce a'a, a asibitin Ikko za a haihu, sai dai Inna Kulu ta zo. Ta zo a jirgin ƙasa da ƙunshin kanwa da yaji. Da aka sa ta a lif, akwatin nan mai hawa bene da mutane, ƙofa ta rufe, ƙasa ta motsa, sai ta zauna dirshan tana salati. Da aka fita da ita filin sama ta leƙa sau ɗaya, ta ja da baya, ta tambayi uwata, "To in kaza ta faɗa hwa?" Babu ko kaza a gidan.

Aka haife ni lafiya. Ranar da aka dawo da mu gida, Kulu ta fara da na'urar sanyi: ta sa aka kashe ta, ta kuma toshe bakinta da zane don kada ta yi numfashi a ɓoye. Babana, da yake suruki ne ba ya haɗa ido da ita, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi bayani cewa famfon banɗaki yana kawo ruwan zafi. Ta murɗa, ta tara gwiwar hannu, ta taɓe baki.

"Wanga na wankin kwano ne," ta ce wa uwata. "Ruwan da bai ga wuta ba, ina zai ga sanyin da ke cikin ƙashi?"

Murhun gas kuwa tukunyarsa ba ta isa ko kunu ba, ita ma ba ta yarda da wutar da ke huci ba. Sai ta sauka wurin maigadin benen, wani dattijo Sammani, mutumin Ruma. Gaisuwarsu kaɗai ta ci rabin hantsi, don sai da suka ƙirgo kowa daga Batsari har bakin daji. Washegari babana na fita ofis, rabin duro da damin itace da ganyen bedi, wato darbejiya, suka hau lif. Ta ciro bulo uku daga gefen furannin Bature, ta kafa murhu a tsakiyar tayil. Uwata ta so ta yi magana, Kulu ta ce mai jego ba ta da baki sai na shan kunu.

Babana ya ga baƙin tayil da yamma, ya dafe kai ya wuce, don wa zai kai ƙarar surukarsa? Iskar teku kuma ta rufa musu asiri, tana kwashe hayaƙin. Aka yi suna, aka wuce. Sai wata safiya aka yi ruwa, itace ya jiƙe, iska ta tsaya cak. Kulu ta durƙusa tana hurawa, hayaƙi ya turnuƙe ya miƙe sama, duk wanda ke kan titi yana ganin bene ya kama.

Motocin 'yan kwana-kwana suka iso da jiniya. Aka kashe lif, mutanen benen suka rugo ƙasa, wani da tawul, wata da kare a rungume. Sammani yana ta ihu da Hausa cewa ruwan wanka ne, ba wanda ya saurare shi. Ma'aikatan suka hau matakala da ƙafa, suka faɗo filin sama suna haki, suka tarar da 'yar tsohuwa da mafici a hannu, ruwa ya fara tafasa. Ita kuwa da ta ga sun jiƙe da gumi sai ta ce a kawo wa baƙi ruwan sha. Kafin a kawo, ɗaya ya ture duron a kan wutar. Uwata ta ce ba ta taɓa jin Kulu ta yi ƙara irin ta ranar ba.

Manajan gidajen kamfani ya kira babana, ya ce ko dai wuta ta mutu har abada, ko su sauka daga benen. Babana ya dawo da azahar, ya tsaya a bayan ƙofa kamar kullum, ya ce a yi haƙuri, ya yanki tikitin jirgin ƙasa, Inna za ta koma gida ta huta, ya samo nas da za ta kula da mai jego.

Tun da ya auri ɗiyarta, Kulu ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai ta bakin wani. Ranar nan ta buɗe ƙofar da kanta.

"Malam," ta ce, "na san na ɓata maka gida, Allah shi ba ka haƙuri. Amma ni na wanke gawar Hansatu da hannuna. Ɗaya gare ni yanzu. Ka ce in tahi in bar ta da ɗanyen jiki bisa iska?"

Babana ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Inna, wallahi saboda Hansatu na hana a kai ƙanwarta gida. Tsoro nake ji a rasa likita kusa."

Ashe tsoro ɗaya ne ya hana su barci su biyun, kowa ya kama nasa maganin. Uwata ce ta raba gardamar daga kan gado, tana shayar da ni. Ta ce asibiti ya gama nasa, an haihu lafiya, saura na Inna. Ta ce ita ma ta gaji da gidan da ba mai yi maka sallama sai ya danna ƙararrawa, a bar ta ta ƙarasa wankanta a gida.

Babana bai amince ba sai da ya kai mu wurin likita aka duba mu. Kulu ta ce jirgin ƙasa zai ci musu wanka da yawa a hanya. Ya ce to akwai na sama, da safe a tashi, kafin rana ta faɗi ana Wagini. Matar da lif ya zaunar a ƙasa ta ce, "Bismillah." Daren ranar nan, da ruwan famfon da ta raina aka yi wankan, tana yi tana tsaki.

Yadda ta yi a jirgi, ita cewa take ko gezau ba ta yi ba. Uwata kuwa ta ce tun daga Ikko har Kano idonta a rufe yake, ta riƙe hannun wani Bayarabe da ba ta sani ba har sai da ya nemi agaji. Daga Kano mota ta kwashe mu ta Katsina, ta Batsari, muka shiga Wagini da la'asar sakaliya. Damina ta yi kyau a shekarar, rijiya cike take.

Kulu ba ta cire mayafi ba, ba ta amsa sannu da zuwan kowa ba. Ta tura a jawo ruwa, ta ɗora tukunya, ta cusa itace busasshe, wuta ta kama da hurawa ɗaya. Da ruwa ya tafasa ta shigar da uwata bayan ɗaki, ta tsoma ganye, ta fyaɗa mata a baya. Uwata ta ƙwala ihu ta ce, "Inna, kashe ni za ki yi?"

Kulu ta ce ba ta taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Ta gama wankan, ta ɗaura mata zane, ta miƙa mata ƙwaryar kunun kanwa, ta tsaya a kanta har ta shanye. Ta zauna a ƙasa gefen murhu, ta jawo ni kan cinyarta, ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba ranar da aka kai Hansatu.