Ranar da Mai Birki Ya Miƙa Sifana

Kafin ya ɗaga ƙofar gareji, Mai Birki yakan zauna kan tsohuwar taya, ya fito da maganinsa ya kora da ruwa a gaban kowa. In wani ya zuba masa ido sai ya ce, "Kallon me? Mota ma ai sai da baƙin mai."

Tun yana saurayi yake da lalurar ƙwaƙwalwa, irin mai hana mutum barci, ta sa shi surutu da jin babu abin da ya gagare shi, daga baya ta jefa shi cikin baƙin ciki. Shi da kansa ya kafa wa abokan aikinsa doka: duk ranar da suka ga alamar tana tasowa, su karɓe sifana daga hannunsa, kada su ji nauyinsa.

Ranar kuwa ta zo a mugun lokaci. Mai motocin ɗaukar 'yan makaranta, wanda aikinsa ne ke riƙe da garejin, yana tsaye ana kwance tayar wata bas. Mai Birki sai zuba yake, wai shi kaɗai zai gama motocin duka kafin yamma. Abokin aikinsa mai gyaran wutar mota ya matso, ya miƙa hannu.

"Yaya, kawo sifanar."

"A gaban baƙo za ka yi min haka?"

"Kai ka ce mu yi, Yaya."

Ran Mai Birki ya ɓaci, kunya ta rufe shi. Yana ji a jikinsa zai iya, amma ya san wannan jin ma na ciwon ne. Ya miƙa, sannan ya juya ga mai motocin.

"Yallaɓai, ina kan maganin ƙwaƙwalwa, kuma yau kaina ba daidai yake ba. Yara ke shiga motar nan, ba zan taɓa birkinta ba."

"Au! Ashe mahaukaci nake kawo wa aiki?" in ji mutumin. Ya sa aka mayar da taya, ya kwashe motocinsa.

Wallahi garejin ya ji jiki. Mai Birki ya ga likitansa, ya huta, ya dawo bakin aiki. Wata safiya sai ga motocin a jere, mai su yana sosa ƙeya.

"Na zaga gari, kowa cewa yake zai iya," ya ce. "Kai kaɗai na taɓa jin ya ce yau ba zai iya ba. Duba min su."

Yanzu furfura ta cika kai, gwiwa ta ce ya isa, ƙarshen watan nan Mai Birki zai ajiye aiki. Kai ne, Mai Birki, ka yarda a yi maka dariya don 'ya'yanmu su dawo gida lafiya. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mai irin lalurarka ya ga likita, ya riƙe sana'arsa. Ku kuma da ke aiki kusa da shi, ku daina raɗa a bayansa, ku tambaye shi yadda yake so a taimaka masa.