Ranar da Muka Je Neman Dawa a Bayan Ribah

Zuru, da asuba

Ana kiran sallar asuba Malama Rifkatu, mai koya mana aikin gona, ta shigo ɗakin kwananmu ta taɓa ƙafata. Ina aji uku ne a makarantar kwana ta 'yan mata, a shekarun da wayar salula ta fara shigo mana Zuru.

Abincinmu daga ɗan kwangila yake zuwa: wake mai ƙwari da garin masara mai warin buhu. Malama ta daɗe tana roƙon shugabar makaranta a riƙa saye wurin manoman kusa. Shugaba ta ce to, in an samu masu kawowa kafin Litinin. In ba a samu ba, ɗan kwangila ya ci gaba. Aka ce a tafi da ɗaliba guda, Malama ta zaɓe ni. Ni kuwa ko a aji ba a jin muryata, abinci ma bayan ɗaki nake kai kwanona, don ba na iya ci ana kallona.

Muka shiga a-kori-kurar makaranta. Baba Danjuma direba, tsohon soja, ya yi addu'a ya tayar. A shingen bakin gari wani ɗan sanda ya haska bayan motar.

"Baba, ina za ka da buhuna babu kaya?"

"Yaƙi za mu, yaro. Da ƙwarin wake."

Ɗan sandan ya yi dariya ya janye itacen.

Ribah

Da hantsi muka iso, bayan hanya ta girgiza mu sosai. Malama ta saya mana ƙosai da kunu. Nawa na ƙulle a leda na sa a aljihu. Wani ɗan kabu-kabu ya kwatanta mana ƙauyen da muke nema: "Ku bi gefen dutse. In kun kai rafi ku aje mota gindin ɗorawa, ku taka."

Ƙauyen bayan dutse

Lokacin kaka ne, ko'ina zangarniyar dawa a shanye, ja wur. Aka kai mu wurin Kaka Kande, wadda matan ƙauyen ke noma tare a ƙarƙashinta. 'Yar guntuwa ce, tafin hannunta duk kanta. Ta buɗe mana tukunyar da ta adana waken bara cikin toka, ta ɗebo ta hura. Na duba ƙwaya-ƙwaya, ban ga huda ko ɗaya ba.

Amma da Malama ta faɗi abin da ya kawo mu, sai ta girgiza kai.

"Rifkatu, na san 'yan makaranta. Shinkafa suke so. A tuƙa musu jar dawa su ce ƙasa ce, su zubar a kwata. Ni ban yi noma don kwata ba."

Malama ta koma C'lela, yaren mutanen yankin, tana lallashi. Ba na jin yaren sosai, amma na ga Kaka ba ta motsa ba.

A can ba a rufe magana baƙo bai ci abinci ba. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa. Malama ta ci, Baba Danjuma ya ci har da santi. Mata sun kewaye mu, yara na leƙe ta kan danga. Hannuna ya ƙi fita daga cinyata.

"Kin gani?" in ji Kaka. "Ga 'yar makarantar taki nan."

Malama ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai sunkuyar da kai, ta fara naɗe buhunan da ta shigo da su. Na wanke hannu na yanko loma, amma ta tsaya mini tsakanin kwano da baki.

Kaka ta daɗe tana kallona. Can ta daka wa matan tsawa da C'lela, duk suka juya baya suna dariya ƙasa-ƙasa. Ita kuma ta tashi ta ware mayafinta tsakanina da jama'a, ta kau da kai.

"Ci abinki, ɗiyata. Ba mai ganinki sai Allah."

Tuwon da laushi, yana ƙamshin sabon sussuka, miyar da ɗan tsami. Da ta sauke mayafin ta duba kwanon ta ga babu saura, sai ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Kunya ce ashe, ba raini ba! Rifkatu, kawo buhunan nan. Amma ni zan zo in nuna ma masu girkinku yadda ake tuƙi, kar su ɓata mini dawa."

Komawa gida

Mata suka rako mu har rafi da kaya a ka: dawa, wake, gyaɗa, kabewa. Baba Danjuma ya yi ta rera waƙoƙin bariki har muka shiga Zuru dab da magariba.

Ran Litinin Kaka ta iso makaranta a kan kabu-kabu, da muciyarta a hannu. Da aka fara rabo wata 'yar aji shida ta ce, "Wa ya tuƙa mana jar ƙasa?" Kaka dai ta zuba mata. Ba a jima ba sai ga yarinyar ta dawo ƙarshen layi tana ɓoye fuska. Ranar har ƙanzo sai da aka yi rigima a kansa, shugaba na tsaye tana kallo.

Kaka ta wanke muciyarta ta ce wa Malama, "Ran Asabar ku turo mota a ɗebi wasu kayan."

Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Malama Rifkatu da Baba Danjuma, da matan bayan dutse da suka ciyar da mu har na gama makarantar.