Sunan da Asta Ba Ta Faɗa Ba

Hammawa ya koyi jifa ne a bayan shanu, a rugarsu da ke gefen Paikon Kore. In saniya ta nufi gonar mutane ba ya ɓata ƙafarsa da gudu. Hoge yake ɗauka ya wurga, ya faɗi daidai gaban hancinta, ta juyo da kanta.

Da ya shiga jami'a karatun likitan dabbobi, wani koci mai suna Silas ya gan shi yana kaɗo mangwaro daga nesa, ya ja shi wani wasa wai shi besbol. Ɗaya ne ke jefa ƙwallo, ɗaya ya tsaya da sanda yana neman ya make ta. Hammawa ya zama mai jifan. 'Yan ajinsu suka yi ta tsiya, wai Bafillace ya bar sanda a gida ya zo ya tarar da wata. Bai kula su ba. A fili, masu sanda sai dai su daki iska. A aji kuwa, tun shekarar farko babu wanda ya sha gabansa, har masu tsiyar suka koma roƙonsa ya yi musu bita kafin jarrabawa.

Duk da haka abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: mahaifiyarsa Asta ta gan shi yana wasa, ko sau ɗaya. Ana gobe wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, wanda kuma shi ne na ƙarshe gare shi kafin ya gama makaranta, ya je ruga ya roƙe ta. Ba ta ɗago daga ƙwaryar da take wankewa ba, ta ce, "In Allah ya yarda."

Kuma ta zo. Ta sa zanenta na salla, ta hau mota har bakin filin. Sai dai ranar manyan baƙi sun hallara, an ce kada a bar kowa shiga sai dangin 'yan wasa. Mai gadin ƙofar, Sadisu, ya dube ta sama da ƙasa.

"Mama, ba a talla a nan. Oga ya hana."

"Ba talla na zo ba. Wani yaro ne na gidanmu yake wasa."

"To, mene ne sunan shi?"

Asta ta sunkuyar da kai. Hammawa ɗan farinta ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba za ta fara a gaban baƙo ba, a bakin titi.

"Yaro ne dogo," ta ce.

"Duk dogaye ne. Ki matsa gefe, Mama, akwai mota."

Abin haushin, Sadisu ba baƙon wannan kunya ba ne. A gidan Hausawa ya tashi, ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ƙila ma tasa uwar haka take. Amma an sa masa kaki an miƙa masa ƙofa, sai ya manta daga inda ya fito. Yana tsaye mata masu gilashi suka yi ta shigewa cikin motoci, bai tambayi ko ɗaya sunan kowa ba.

A ciki Hammawa na jifa yana waiwayen rumfar 'yan kallo. Wayarsa na hannun koci, kamar ta kowane ɗan wasa. Ya yi jifan da bai taɓa yin irinsa ba, lasifika sai kiran sunansa take, suka ci kofi. Aka tsayar da shi gaban manya, aka sanar cewa shi ne gwarzon gasa kuma na ɗaya a ajinsu. Wani mai babbar riga ya yi dogon jawabi kan muhimmancin iyaye.

A waje ya same ta, zaune a gindin katanga kusa da masu gyaɗa, rana ta gama dukanta. Da ya ji yadda aka yi, ya nufi Sadisu kai tsaye.

"Mahaifiyata ka hana shiga?"

"Haba, ɗan'uwa! Ko sunanka fa ba ta sani ba."

Da Silas bai riƙe masa hannu ba, da an kwashi 'yan kallo. Asta ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, ta dubi titi, ta ce a je a nemi mota kafin la'asar.

"Inna, mun ci," ya ce.

"Na ji," ta ce, ba ta dube shi ba. "Sai kiran sunan suke yi, ko kunya babu."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta yi gaba. Hammawa ya bi bayanta rungume da kofin. Bai ƙara shiga fili ba bayan ranar, kuma Asta ba ta ga jifansa ko ɗaya ba.