Waƙar Ƙarshe a Kaset ɗin Baba

Ina 'yar shekara tara Baba ya kai ni wurin mahaifiyarsa a Manga. Soja ne, an tura su aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, Mama kuwa ta rasu tun ina goye. A bariki na tashi, Hausa kaɗai ke bakina. Yaran ƙauye kuma yarenmu na C'lela suke wasa da shi, don haka sai na zama kamar baƙuwar kaza a tsakar gida, ina raɓe-raɓe a jikin rumbu. Farkon shekarun dubu biyu ne, wayar hannu ba ta iso mu ba, labarin Baba sai in wani ya zo hutu.

Kafin ya tafi ya bar wa Kaka rakoda da kaset guda ɗaya. Shi da kansa ya zaga ya ɗauko waƙoƙin da ta fi so daga bakin masu su. Akwai ta mata masu niƙa, har ana jin gurzar dutse a ƙasa. Akwai ta 'yan kokawa, da ta zumuntar matan coci cikin harshenmu, da ta wani tsoho mai sarewa wanda tari ya katse shi a tsakiya. Sauran duk waƙoƙin golmo ne, wato noman da samari ke yi shekara da shekaru a gonar uban yarinyar da suke so.

Da an ci tuwo, Kaka takan hura wutar karan dawa a ƙofar ɗaki, ta ɗauko batiran da ta shanya a rana, ta kunna. Mu biyu ne kawai, sai akuyarta. Tana jin an fara waƙa sai ta bi, in an zo wurin amshi ta yi shiru ta dube ni. Ni ma in dube ta.

"Bahaushiyata," takan ce da Hausarta mai nauyi, "kunne gare ki kamar faifai, amma babu abin da shika shiga."

Haushi nake ji sosai, in murguɗa baki in juya wa wutar baya. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne ba ta taɓa barin kaset ɗin ya kai ƙarshe ba. Da waƙar ƙarshe ta ɗauko, sai ta danna ta kashe, ta zare kaset ta mayar da shi baya da tsinken biro. Ta ce wannan waƙar dawowa ce, 'yan golmo ke yin ta in sun saɓa garma sun nufo gida, kuma ba za a ji ta a gidan nan ba sai ranar da mai kaset ya shigo da ƙafarsa.

Daga nan sai tatsuniya. Tana da su da yawa, amma ɗaya ce take komawa kanta. Wata tsohuwa ce mai ɗa guda, ya tafi golmo bayan dutse. Kullum da yamma takan hau tudu ta rera rabin waƙa, shi kuma ya amsa mata da sauran rabin daga can, sai ta san yana lafiya ta sauko ta ɗora tukunya. Wata shekara aka kai su wata gona mai nisa. Ta rera, shiru. Washegari ta sake rerawa, shiru. Mutane suka ce ta haƙura, ta ce ita ba ta iya rabin na biyu ba, nata kawai ta iya, kuma nata za ta yi. Haka ta yi ta hawa tudu har kurciya ta haddace waƙar. Shi ya sa har yau in kurciya ta fara kuka sai ta tsaya a tsakiya, tana jiran a amsa mata.

"To ya dawo?" nakan tambaya.

"Mi kike ci na sauri? Tsohuwa tana kan tudu."

Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniyar da ƙurunƙus ba. Sai dai ta ture kara cikin wuta, ta ce in kai akuya turke. Nakan kwanta ina jin tausayin tsohuwar, da kewar Baba kamar ƙirjina zai tsage.

Damina biyu muka yi haka. Wata rana da hantsi sai ga fasto da sojoji biyu, ɗaya yana ɗauke da akwatin Baba na ƙarfe. Ba sai an faɗa mana ba. Gida ya cika, aka yi kuka, aka yi addu'a, kwanaki suka shuɗe kowa ya koma gonarsa, muka sake zama mu biyu.

Yammar da aka watse, Kaka ta hura wuta ta kunna kaset. Ba ta bi waƙa ko ɗaya ba. Da ta ƙarshe ta ɗauko na ga ta kai yatsa, sai ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Muryoyin maza suka cika tsakar gida, suna dariya, ƙarfen garma yana karo da juna. Da suka gama sai ga muryar Baba kusa da rakoda, ya faɗi 'yan kalmomi, kaset ya tsaya.

"Kaka, me ya ce?"

"Ya ce masu su bari hakanan, batir ya kusa ƙarewa."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Sai Kaka ta ɗauki waƙar niƙan nan da ƙaramar murya. Ta zo wurin amshi ta tsaya, amma wannan karon ba ta dube ni ba. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Ashe damina biyu ta isa waƙa ta zauna a kan mutum. Na amsa mata da kalmomin da ban san ma'anarsu ba. Ta gyara mini ɗaya, ta ci gaba, muka kai ta har ƙarshe muna hawaye.

A da ina ɗauka tatsuniyar kan dawowar ɗan take. Sai da na girma, Kaka ta kwanta dama, na gane maganar tsohuwar ce: rabin da ka iya shi za ka yi ta yi, ko da wanda ka yi dominsa ba zai sake amsawa ba, ko wani na kusa zai koya.

Yanzu ina Kaduna. Na sa an juye mini kaset ɗin cikin waya, da tarin mai sarewa da komai. In na dawo aiki nakan kunna ina girki, in bi waƙar niƙa da C'lela ɗina mai ɗingishi. 'Yata Rifkatu tana falo, abin ji a kunnuwanta, tana sauraron nata. Ba na ce mata komai. In an zo wurin amshi dai nakan yi shiru, in ɗan jira.