Ƙwayar da muka tofar a bayan tsamiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Yau zan amayar da abin da na fi shekara sittin ina haɗiyewa. Duk wanda ya tambaye ni me ya cinye mini yatsu biyu a hannun dama, nakan ce ƙuna ce. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin gaskiya na faɗa.

Kuturta na yi. E, ni ɗin nan da kuke bi salla.

Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, ina saurayi a garinmu Taba, na yi sauka, Baba ne limamin unguwarmu. Rubutun allo shi ne abin taƙamata. Wata rana ina wanka na ga wani tabo ja-ja a damtsena. Na ce ƙyasfi ne. Na soka masa ƙaya har jini ya fito, ban ji komai ba.

Wata uku ina shan rubutu da saiwoyi, tabo ya zama uku. Inna ta ware mini ƙwaryata tana kuka.

Baba ya kai ni Hunkuyi, gindin wata tsamiya a bayan gari, inda wani malamin asibiti mai suna Yohanna yake zuwa a keke duk mako. Kirista ne, mutumin kudancin Zariya. Ya ce in rufe ido, ya shafa mini auduga. Ko'ina na ji, ban da kan tabon.

Ya ce, "Ba gado ba ne, ba alhaki ba ne. In ka riƙe magani hannunka zai tsira, amma sai an yi shekaru."

Maganin kyauta ne. Doka ɗaya ce: a gabansa za ka haɗiye, don wasu kan kai ƙwayar kasuwa su sayar.

Sai azumi ya kama.

A layi akwai wani manomi, Tanko, ya kusa haifata. Ya raɗa mini, "Malam, haɗiye wannan da rana tsaka ba ya karya azumi?"

Dattijo ya kira ni Malam, kai ya kumbura. Na ce, "Karyawa ƙwarai! Wayon Nasara ne, so suke su raba mu da addini."

Muka riƙa ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, muna zagayawa bayan tsamiya mu tofar. Bayan salla ma na daina zuwa. In na fita sai in yi zamana a gona, in dawo in ce wa Baba na sha. Tawakkali na kira abin. Tanko ma ya daina, tunda Malam ya faɗa.

Fiye da shekara a haka. Wata safiya muna jin ɗumi na ji ƙaurin nama, har ina waige-waigen wa ke gashi. Inna ta ƙwalla ihu. Hannuna ne a kan garwashi.

Ranar na faɗa wa Baba komai. Bai doke ni ba. Allo ya miƙo mini ya ce, "Rubuta mini ayar da ta yi maganar marar lafiya a watan azumi."

Ayar da na rubuta wa mutane ba adadi! Na ɗauki alƙalami, ya suɓuce. Na sake ɗauka, ya sake suɓucewa.

Baba ya ce, "Allah Ya yi maka rangwame ka ƙi karɓa. Ka fi Shi sanin addininSa ne?"

Yohanna kuwa da ya ga hannun sai ya dafe kai. "Haba ɗan Liman! Da ka yi magana, ai da na ba Liman ya riƙe maka sai an sha ruwa."

Ya tura ni asibitin kutare. Wata huɗu na kwanta. Kullum da safe a wanke gyambo, a jiƙa hannu a ruwa, a shafa mai. Yatsu biyu ba su tsira ba. An tsaga fatar kunnena kaɗan an shafa a gilashi, na roƙi mai gwajin ya bar ni in leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Na ga wasu 'yan sanduna jajaye birjik. Na ce subhanallahi, ashe halitta ce, kuma Wanda Ya halicce ta bai tsaya tambayar addinin mai raba maganinta ba.

Shekara shida ina sha kafin a ba ni takardar sallama. Na koyi riƙe alƙalami da yatsu uku, da su nake danna wayar nan. Na yi aure, ba ɗana ko ɗaya da ya ɗauka.

Bayan an sallame ni na je kasuwar Makarfi. A bakin hanya wani mai bara ya ɗago dungulmin hannu, ƙoƙo rataye a wuyansa. Tanko ne. Wallahi na so ya zage ni.

Sai ya washe baki. "A'a, Malam! Ka ga ikon Allah, ko? Amma dai azuminmu bai karye ba, ko Malam?"

Na jefa masa abin da ke aljihuna na wuce da sauri kamar ɓarawo. Da na yi ƙarfin halin komawa neman gafara, aka ce an binne shi.

Na gode wa Allah. Ina roƙa wa Baba da Inna rahama, kuma ban manta alherin Yohanna ba.

In ka ga tabon da ba ya jin taɓi, je asibiti tun yau, ana warkewa. In magani ya ci karo da azumi, faɗa wa likita, ka tambayi malami na gaske. Kai kuma da ake kira Malam, "ban sani ba" ba ta rage rawani.

Duk azumi in na kai dabino baki sai na ji muryar Tanko tana tambayata. Don Allah ku sa Tanko a addu'a. Ni na rasa yatsu biyu da fatawata, shi goma ya rasa.